Tumakin Tsaunin Kettle

Muna tsaye cikin ruwa har gwiwa, ni da Orval Tuttle, muna jefa fatsa a kogin da ke gindin tsaunin Kettle, sai muka ji tari. Na ɗauka Orval ne, don tun da ya bar shan taba ƙirjinsa bai huta ba.

"Tsoho, kar ka mace mini a nan," na ce masa. "Ba ni da ƙarfin jan gawa zuwa mota."

Kifi ya taso ya haɗiye ƙudan ƙaryar da ya ɗaura da gashin zakara, ko jan igiyar bai yi ba. Ya ciro madubin hangen nesa daga ƙirji ya ɗaga kai sama.

"Wendell, ba ni ba ne," ya ce. "Ɗan tunkiya ne. Ga shi can, majina har ƙasa."

Duk wanda ya san garinmu ya san tumakin dajin da ke kan dutsen nan na Orval ne, ko da yake doka ta ce na jihar Idaho ne. Lokacin kakanninmu aka harbe na asali kaf. Shekaru talatin da wani abu da suka wuce, Orval da ƙungiyarmu ta maharba suka dami hukumar kula da namun daji har aka kamo wasu daga arewa. Shi ya tuƙo motar da ta kawo su, shi ya buɗe mata ƙofa. Wani rago ya karya masa haƙarƙari a ranar, kuma har ya haura saba'in bai gaji da nuna wa mutane wurin ba. Abin dariyar shi ne, duk shekara yana shiga ƙuri'ar samun izinin harbin rago ɗaya, bai taɓa ci ba.

A bazarar nan 'ya'yan tumakin suka mutu, in ban da ƙalilan. Shekarar da ta biyo ko ɗaya bai kai kaka ba. Haka aka yi ta yi. Iyayen su warke, amma cutar na nan maƙale a hancinsu, su haihu, su lashi ɗan, ɗan ya fara tari.

Lorna Pickett, likitar dabbobin hukumar, ta tara mu a zauren coci ta gaya mana sunan abin. Ciwon huhu ne, kuma daga tumakin gida suke ɗauka. Ba ta ambaci kowa ba. Amma garke ɗaya ne ke kiwo a gindin tsaunin, na Inaki Goikoa, ƙanin Maite matar Orval. Kowa ya yi ta kallon takalminsa.

A da can Orval da Inaki ba sa haɗuwa ba su tsokani juna ba. Inaki ya ce masa maharbin da dabba ke mutuwa da tsufa tana jiran harsashinsa, Orval ya ce masa mai ƙamshin bunsuru. Ranar Lahadin da ta biyo bayan taron ina gidan Orval, Maite ta dafa wake da naman ɗan rago irin na mutanensu 'yan ƙabilar Basque. Inaki ya shigo yana dariya.

"Mijin yaya, an ce 'ya'yanka na mura. In kawo musu bargo?"

Orval ya ajiye cokali. "Sau nawa na ce ka ɗaga wayar shingen nan?"

"Kakana ya yi kiwo a wurin kafin a haifi ubanka. Kai ne ka ɗauko baƙi a mota ka sauke mini a bayan gida."

"Ka kashe su, Inaki."

"Yaya, kina jin mijinki?"

"Ina jin ku duka," in ji Maite. "Ku ci abinci, don Allah."

Inaki ya ɗauki hularsa ya fita. Daga ranar bai sake taka gidan ba.

An gwada kama masu ɗauke da cutar a cire su, bai yi ba. Daga ƙarshe Lorna ta sake tara mu. Ta ce garken ya zama guba, duk ragon da ya tsallaka tsauni zai kai wa na maƙwabta. Shawarar hukuma ita ce a kashe su duka, a bar tsaunin ya huta, sannan a kawo masu lafiya. Kuma maharban gari za a ba aikin. Wani daga baya ya ce, "To Orval, ga ƙuri'arka ta fito." Ba wanda ya yi dariya, shi ma mai maganar ya sunkuyar da kai.

Na ce wa Orval ya bar wa samari. Ya ce samari za su harbi ciki, dabba ta gudu ta kwana biyu tana mutuwa a cikin kwazazzabo. In dai za a yi, gara mai hannu ya yi.

Muka hau da sanyin safiya, dusar ƙanƙara ta fara sauka. Orval yana tsayawa yana haki, ina yi kamar ɗaurin takalmina ne ya kwance. Muka iske su a wata fadama, tumaki mata zalla, ba ɗa ko ɗaya a tsakaninsu. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ba su gudu ba. Sun san warin Orval. Shekara da shekaru yana zama kusa da su yana cin burodinsa. Wata tsohuwa mai karyayyen ƙaho ta ɗago ta dube shi, ta ci gaba da tuƙa.

Ya kwanta, ya ɗora bindiga kan jaka. Ya daɗe. Bai harba ba.

"Bari in yi," na ce.

"Rufe mini baki, Wendell."

Ya harba. Tsohuwar ta durƙusa. Sauran suka zabura, suka ɗan yi gudu, sai suka tsaya suna waiwayen ta, don ita ke ja musu gaba, ba su san inda za su nufa ba in ba ita. Haka muka ɗauke su ɗaya bayan ɗaya. Orval bai kuskure ko sau ɗaya ba. Da muka gama ya tashi ya koma bayan wani dutse ya yi amai, ya dawo ya zaro wuƙa, muka fara ciro huhun da Lorna ta ce a kai mata.

Ragon ƙarshe ma shi ya same shi, kafin Kirsimeti. Babba ne, ƙahonsa ya yi cikakken zagaye, irin wanda ya yi rayuwarsa yana mafarki. Lorna ta ce doka ta yarda ya riƙe ƙahon. Ya ce ta kai duk inda take kai sauran.

Shi kuwa Inaki, hukuma ta soke masa izinin kiwo a gindin tsaunin. A gari aka daina gaishe shi. Wani ya harbe masa kare. Ya sayar da garken da kakansa ya kafa, ya tafi jihar Nevada wurin 'yarsa. Maite ta je ta taya shi haɗa kaya ita kaɗai. Da ta dawo ta kwashe nata kayan ta koma ɗakin baƙi. Tana dafa wa Orval abinci, tana ba shi maganinsa, amma hira ta ƙare.

Orval ya jure duk wannan saboda abu ɗaya: za a kawo sababbi. Ya gyara tsohuwar motarsa, ya ce ko a kan keken guragu ne zai je ya ga saukarsu.

Bayan hunturu biyu Lorna ta zo gidan da kanta. Ina nan, muna zaune a baranda muna shan kofi. Ta ƙi zama. Ta ce an gwada garken arewa da za a ɗebo daga ciki, an samu cutar a jikinsu. An gwada wani, shi ma haka. Babu inda za a samo masu lafiya yanzu, kuma ba ta san yaushe ba.

"Yaushe kamar shekara biyar?" in ji Orval.

"Baba Orval, ba zan yi maka ƙarya ba. Ban sani ba."

"To me ya sa na harbe su, 'yata?"

Ta ce ta yi abin da ta ga shi ne daidai a lokacin, kuma da za a sake, haka za ta ce a yi. Orval ya gyaɗa kai, ya yi mata godiya da ta zo da ƙafarta. Ta shiga mota ta daɗe ba ta tayar ba.

Maite ta leƙo ta taga ta tambaya ko wace ce. Ya ce mata ba kowa. Sannan ya roƙe ni in taya shi juya kujerarsa, ta daina fuskantar tsaunin. Na juya masa ita ta kalli titi, muka zauna muna kallon motocin katako na wucewa har kofin ya huce.