Ƙwayar Safe da Shayin Mama

A jakata akwai takardar gwajin jini, sabon kwalin ƙwaya, safa, jan biro, da wasiƙar shugabar makaranta. Rigar sanyin tana jikina. Motar hayar da na shiga ta cika maƙil, kowa na fifita da abin da ya samu, ni ina rawar ɗari.

Matar da ke gefena ta dube ni sama da ƙasa. "Baiwar Allah, a wannan zafin? Ko firji kika haɗiye?"

Na yi niyyar ramawa. Kafin maganar ta iso bakina har ta juya. Haka komai nawa ya koma: tafiya, magana, ciki, tunani. Ba na cin abin kirki amma zobe ya ƙi fita daga yatsana. Gashi kuwa a mataji yake zama.

Wasiƙar gajera ce. Sau biyu an same ni ina barci a kan littattafan yara, ran nan kuma na tsaya gaban allo na rasa amsar bakwai sau takwas. An ba ni zuwa sabon zango, mako shida. In ban iya tsayuwa ba, aji biyar ya zama na wata.

Daga asibiti nake. Likita ya daɗe yana kallon takardar gwajin.

"Malama, wata uku kina shan magani, jinin bai motsa ba. Kina tsallake kwana?"

"Ko ɗaya. Mama ce ke ba ni da hannunta, bayan na karya."

"Da me kike karyawa?"

"Shayi da madara, da burodi. Sai maganin ƙarin jini da ta saya mini."

Ya ajiye biro. Ya sake nuna mini gaban wuyansa, wurin tayirod, wadda ya ce ita ke saita saurin da jiki ke ƙona abinci. Tawa ta yi sanyi, ƙwayar ce ke yi mata aikin. Amma sai a sha ta ciki ba komai, da ruwa zalla, a jira awa guda kafin a ci wani abu. Madara na tare ta a hanji, maganin ƙarin jini ya fi tarewa, shi kam a raba shi da ita da awa huɗu. "An gaya miki a farko," in ji shi. Ƙila an gaya mini. Lokacin ko lambar wayata ba na riƙewa.

Ya ce a sake gwaji bayan mako shida.

Na sauka a bakin layinmu. Tun da na kasa hawa benen da nake haya na dawo ɗakina na ƙuruciya, mai gado ɗaya da tagar da ba ta buɗewa duka. Mama na zaune a falo tana tsince shinkafa. Ta miƙo hannu don kwalin, kamar kullum.

Na faɗa mata abin da likita ya ce.

"Ciki ba komai? Auta, wannan likitan an yaye shi kuwa? Mutum shida na raina, ba wanda na ba magani da yunwa. Hanji zai tsinka miki."

"Wannan daban ne, Mama."

"Duk haka suke cewa. Ki dubi fuskarki, jini ne babu. Mai kemis ma ya faɗa."

"Mai kemis bai ga takardar ba."

"To ni na ga 'yata." Hannun nata na nan a miƙe. "Kawo. Ke da kike manta inda kika ajiye takalmi."

Gaskiya ta faɗa, shi ya sa na kusa ba ta. Na san yadda gobe za ta kasance: ƙarfe shida, kofi mai tururi, ƙwaya biyu a tafin hannunta, tana tsaye a kaina sai na haɗiye. Ban taɓa iya ce wa wannan hannun a'a ba.

Na wuce kicin na cika kwalba da ruwa. Ta biyo ni har bakin ɗaki tana cewa ita yanzu ta zama mai cutar da ni ke nan.

Na shiga, na rufe ƙofa, na murɗa makulli.

"Kwalin yana wurina, Mama," na ce ta bayan ƙofar. "Ki dafa shayin gobe ƙarfe bakwai. Kafin nan ba zan buɗe ba."