Idon Baba Ƙalau Yake

Injiniya bai taɓa sayen abu mai aibi ba. Wannan magana ce da dangi suka daɗe da amincewa da ita, ta wuce a tsaya ana muhawara a kanta. Firijin da ya kawo gidan iyayensa yana ƙugi kamar injin niƙa, amma bincike ya tabbatar da cewa daɓen ɗakin ne ya karkace. Agogon bangon da ya rataya musu yana gaba da minti goma sha ɗaya, wanda alheri ne ga gidan da ba ya son makara. Shi kansa ba injiniya ba ne, jami'in sayen kaya ne a wani kamfani. Sunan ya bi shi tun yana ɗan shekara tara, ranar da ya kwance rediyon babansa ya mayar, ƙusoshi uku suka yi saura.

Don haka da ya kawo wa Baba kwamfutar hannu mai faɗin tiren shayi, aka karɓe ta da girmamawar da ta dace. Ya saita ta da kansa, ya nuna wa tsohon wuri biyu kacal da aka yarda ya danna, ya kuma gargaɗi kowa, har da matarsa, cewa kada a sa mata hannu.

Baba direba ne. Shekara arba'in da ɗaya yana riƙe da sitiyari, ko kaza bai taɓa takawa ba. Goma sha biyun ƙarshe ya yi su ne yana rarraba burodi da 'yar motarsa, daga gidan burodi zuwa kantuna goma sha bakwai, kuma ya san wane mai kanti ne ke buɗewa da wuri da wanda sai an buga masa ƙofa da gwiwar hannu. Idan ya dawo ya yi wanka, bayan la'asar, sai ya zauna a kujerarsa ta bakin taga, ya jingina na'urar da tulin tsofaffin jaridu, ya kalli bidiyon da autarsa ke turowa daga nesa na jikarsa tana koyon tafiya. In ya gama da jika, ya koma kan wasu mutane da ba ya jin yarensu suna farke injin babbar mota.

A mako na biyu ya ce wa ɗansa, "Abin nan naka yana lumshe ido."

"Yana me?"

"Ina cikin kallo sai ya dushe, kamar fitilar mota in batir ya yi sanyi. Can kuma sai ya wartsake ya dalle ni a fuska. Yarinya za ta ɗaga ƙafa, duhu. Kafin haske ya dawo ta riga ta faɗi."

Injiniya ya yi murmushin mutumin da ya karanta takardar cikin kwali. "Baba, wannan na'urar ba ta dushewa."

"To ni na ce maka ta dushe."

"Idan mutum ya ga haske ya ragu, alhali hasken bai ragu ba, ina matsalar take?"

Baba ya ɗauka tambayar 'yan boko ce, irin wadda ake yi don a ji daɗin murya. Washegari Injiniya ya zo ya ce zai kai motar a canza mata mai. An canza man kuwa. Sai dai motar ta ƙare a harabar gidan Injiniya, makullinta a aljihunsa, tare da takardar ganin likitan ido nan da mako uku.

"Don lafiyarka ne, Baba," in ji shi a waya. "Yau allon kallo ne ya dushe, gobe titi ne."

"Kai, ni na koya maka tsallaka titi."

"Shi ya sa nake son ka daɗe."

Mai gidan burodi mutumin kirki ne, amma tanda ba ta san kirki ba. Ya sa wani ya riƙe layin na kwana uku, sannan ya ce, "Zuwa Litinin, Baba. In ba ka fito ba, dole in bar wa wancan. Ka san masu kanti, wanda suka gani da safe shi suka sani."

Baba ya juya neman shaida a cikin gida. "Ke kina zaune a nan ranar. Kin gani ko ba ki gani ba?"

"Ni shinkafa nake tsincewa," in ji Inna.

"Kin gani. Har cewa kika yi, 'A'a, an ɗauke wuta ne?'"

"Ni na ce haka? Malam, shekarunka nawa yanzu? Mutum ya zauna a gida mana ya huta. Kullum kana fita, kullum kana warin yis."

Nan ya gane ba shi da kowa. Matar da ta iya hango tsakuwa a cikin shinkafa daga ƙofar ɗaki ta makance da gangan, don ta samu mai taya ta hira da hantsi.

Ran Alhamis ya naɗe na'urar a tawul, ya hau motar haya, abin da ya rabu da yi tun kafin a haifi auta, ya nufi gidan ɗansa. Falon Injiniya labulensa mai kauri ne, kullum a rufe, fitilu huɗu a kunne dare da rana. Surukarsa, malamar makaranta ce mai ƙarancin magana, ta durƙusa ta gaishe shi, ta kawo ruwa. Aka kunna bidiyo. Jika ta tashi, ta yi taku biyu, ta faɗi, ta tashi. Aka sake. Aka sake sau shida. Na'urar ta yi ta haske tas, kamar ɗan da ya ga baƙi ya natsu.

"Ka gani ko, Baba?" in ji Injiniya da murya mai taushi, irin wadda ake yi wa marar lafiya. "Yanzu ma ka ga ta dushe?"

"Ba ta dushe ba."

"To, alhamdu lillahi, yau idon da sauƙi."

Da Baba zai fita, ya hango motarsa an rufe ta da tamfol kamar gawa. A hanyar komawa, a matse tsakanin wata mai kwandon kifi da wani mai barci, ya yi ta juya abin a ransa. Ya san irin wannan munafuncin. Ya taɓa yin mota mai ƙara a hawan gada kaɗai. Ka kai ta gareji ta yi tsit, makanike ya dube ka kamar mai tatsuniya. Maganinta ɗaya ne: ka ɗauki makaniken ka kai shi gadar.

Ya kira ɗansa. "Ran Asabar, bayan la'asar, ka zo gidana. Ka zo da makullina."

"Baba, likita ya ce..."

"Likita bai ce komai ba, ko ganina bai yi ba. Ka zo ka zauna a kujerata. In ba ta dushe ba, ka sayar da motar, ka saya min sanda. In ta dushe, ka ajiye min makulli a tafin hannu."

Ran Asabar suka zo, Injiniya da matarsa. Baba ya zaunar da shi a kujerar bakin taga, ya jingina na'urar da jaridu daidai inda take zama, ya danna ɗaya daga wurare biyun da aka yarje masa. Jika ta tashi, ta faɗi. Mutanen nan suka fara farke inji. Ranar kuwa zafi ake yi, ko ganye ba ya motsi. Minti biyar. Minti goma. Haske tas.

Injiniya ya dubi agogon hannunsa. Baba ya ji gumi na bin bayansa, amma ya harɗe hannuwa ya tsaya ƙyam. "Ba ka tashi ba tukuna. Ni na jira ka wata tara da kwana goma sha biyu, kai ma ka jira."

"Inna ce ta jira."

"Ni na yi ta zaryar asibiti."

Inna ta ga abin zai yi tsawo, ta je ta haɗo shayi. Hannunta biyu a cike, sai ta tura ƙofa da ƙafa, ta bar ta a buɗe. Iska ta samu hanya. Labulen taga ya kumbura, ya ɗaga, rana ta faɗo kan tebur, gilashin na'urar ya dalle. Labulen ya koma ya kwanta, injin babbar mota ya nutse cikin duhu.

"Yauwa!" in ji Baba.

"Ƙiftawa na yi," in ji Injiniya.

"To buɗe idon da kyau."

Labulen ya sake tashi, ya sake kwanciya. Haske ya zo, ya tafi. Wannan karon Baba ba gilashin yake kallo ba. Shekara arba'in da ɗaya sun koya masa cewa in abu ya yi ƙara, ka dubi abin da ya motsa kafin ƙarar. Ya taka ya kama bakin labulen. Ya ɗaga: haske. Ya saki: duhu. Ya ɗaga, ya saki, ya ɗaga, ya saki, kamar mai ba da hannu a mahaɗar titi.

"Hajiya mai tsintar shinkafa, yanzu fa?"

"To... kamar dai ya ɗan yi," in ji Inna, tana kallon kofuna.

"Makulli."

Injiniya ya ɗauki na'urar, ya juya ta, ya duba bayanta, inda babu komai sai sunan kamfani. Ya daɗe a haka. Da ya ɗago, fuskarsa ta koma ta mai tausayi, kuma Baba ya fi tsoron wannan fuskar a kan ta fushi.

"Na yarda tana yi. Amma da na kawo ta ba ta yi. Ni na saita ta da hannuna. Ke nan an shiga an taɓa wani abu."

"Ban taɓa komai ba."

"Shi ne abin da nake tsoro, Baba. Ka taɓa, ka manta. In ido ne, ai da sauƙi, tabarau ne. Amma mantuwa... Mutumin da zai danna abu bai san ya danna ba, in bar shi da birki da totur? A bari dai likita ya duba gaba ɗaya."

Ya mayar da hannu aljihu, makullin ya yi ƙara a ciki. Baba ya buɗe baki, ya ji abin da zai fito ba abin da uba ke faɗa wa ɗa a gaban matarsa ba ne. Bai fasa ba. Ya ja numfashi zai fara.

"Ni ce."

Surukar ce, daga kan tabarmar da take zaune a gefen ƙofa. Idonta a ƙasa.

"Ni na taɓa. Ranar da Baba ya zo gidanmu... a'a, tun kafin nan, ranar da muka kawo ta. Akwai wani ɗan ido kusa da kyamara, yana auna hasken ɗaki, sai ya ƙara ko ya rage. Muna da irinta a makaranta. Na kunna shi don in taimaka, na manta ban faɗa ba."

Ta taso, ta karɓi na'urar da hannu biyu, ta shafa sau uku, ta mayar kan jaridu. Baba ya ɗaga labule ya saki. Haske bai motsa ba.

Ya dube ta. Ranar da aka kawo na'urar tana madafa tare da Inna tun daga sallama har tafiya, hannunta cikin ruwan wanke-wanke. Shi ya sani, Inna ta sani. Kuma yadda yatsanta ya tafi kai tsaye wurin ya nuna masa ta gane matsalar tun ɗagawar labule ta farko, tana jiran ta ga ko mijinta zai samo hanyar sauka da kansa.

"Ashe!" in ji Injiniya, ya yi ajiyar zuciya, kafaɗunsa suka dawo wurinsu. "Ban ce kada a taɓa ba? Kin ga abin da kika jawo? Kin sa tsoho hawa motar haya. Kin sa na nemi likita. Kin sa ana min kallon wanda ya sayo kayan banza." Ya zaro makullin, ya ajiye a tafin Baba da alfarmar mai ba da kyauta. "Ka yi haƙuri, Baba. Laifin gidana ne. Zan yi mata magana."

Ƙarfen da ɗumi, ya kwana biyar a aljihun wani. Baba ya damƙe shi. Gaskiya na bakinsa, amma ya san in ta fito, makullin zai koma inda ya fito, kuma jibi Litinin.

"Gobe da safe a kawo min motata," ya ce. "A cire mata wannan tamfol ɗin. Kuma ka soke likitan."

"Ka je dai, tunda an riga an..."

"Ka je kai. Kai ne kake ƙiftawa."

Inna ta yi dariya ta toshe baki da mayafi. Injiniya ya yi gaba zuwa mota, muryarsa na tashi tun daga tsakar gida, yana lissafa wa matarsa darussan da za a koya daga wannan lamari, na farko, na biyu. Ita ta tsaya tattara kofunan shayin da ba a sha ba.

"'Yata," in ji Baba ƙasa-ƙasa.

Ta girgiza kai kaɗan, ba ta ɗago ba. Ta kai tiren madafa, ta dawo, ta durƙusa ta yi musu sallama. A bakin ƙofa ta sa takalmanta, ta gyara mayafi, ta bi muryar. Injiniya ya kai darasi na huɗu.