Da Sauransu

A tsohuwar ƙa'idar laburare, idan marubutan littafi suka wuce uku, sunan na farko kaɗai ake bugawa a kati, sai a bi shi da "da sauransu". Ragowar kuwa ko oho. Da wannan ƙa'ida aka horar da wata ma'aikaciya da ake kira Mai Kati, kuma ta riƙe ta gam, har abokan aikinta kan tsokane ta wai ko sunayen 'ya'yanta haka take jerawa, babban da sauransu.

Sai ga sabuwar ƙa'ida daga sama. Yanzu duk wanda sunansa ke shafin farko sai an shigar da shi kwamfuta, a kuma faɗi aikin da ya yi. Shugabar sashe ta ce ba a yarda a kwafa daga tsohon kati ba, dole a ɗauko littafin a buɗe. Mai Kati ta yi ta mita, tana turo keken littattafai tana atishawa.

Ana cikin haka ta kai ga wani siririn littafi na gyaran injin ban-ruwa, bangonsa ya kwaɓe. Ta buɗe. Sunaye biyar. Na huɗu sunan kawunta ne, yayan mahaifiyarta, har da sunan kakanta a jikinsa.

Ta san wannan magana. Tun tana sabuwar ma'aikaciya Kawu ya roƙe ta ta duba masa. Ya ce shi da amininsa da wasu suka rubuta littafi, aka yi masa canjin wurin aiki kafin a buga, bai taɓa ganinsa ba. Ita kuwa lokacin kanta na hayaƙi, ta ja durowar katuna, ta ga sunan aminin kaɗai. Kantar littafin tana bayanta, ba ta ko waiwaya ba. Ta koma gida ta faɗa a tsakar gida, a gaban kowa: "Kawu, littafi dai akwai, amma babu kai a ciki." Daga ranar yaran gidan suka laƙa masa Kawu Marubuci, kuma da ita ake dariyar.

Kunya ta rufe ta har ta kasa taɓa kwamfutar. Ta so ta buga sunan shiru ta wuce, amma gurbin aikin da ya yi yana nan fayau, kuma shi kaɗai zai iya faɗa. Da aka tashi ta ari littafin da katinta.

Ta sami Kawu a baranda yana gyaran wata tsohuwar fanka. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta miƙa littafin da hannu biyu. Ya sa tabarau, ya bi sunayen da yatsa, ya tsaya a nasa.

"Kawu, laifina ne. Kati na duba, ban ɗauko littafin ba."

"To ai ke ce ma'aikaciyar wajen," in ji shi. "Wa zai musa miki?"

"Sun ce a rubuta abin da kowa ya yi. Me zan sa maka?"

"Zanen. Duk ni na zana." Ya buɗe tsakiya, ya shafa hoton wani bututu. "Kin ga wannan? Sau nawa aminina ya sa na sake shi."

Ta ce gobe za ta tara yaran ta faɗa musu da bakinta. Ya girgiza kai, ya ce yara ba su dame shi ba, yaro ai da tsokana aka san shi.

"Ranar da kika faɗa, washegari na shiga mota na je har gidan aminin nan nawa," ya ce, murya ƙasa-ƙasa. "A gaban matarsa na ce masa maci amana. Ya rantse ya sa sunana, ya ce in tsaya ya ɗauko in gani. Na ce 'yata ta duba, ba na bukata."

Mai Kati ta sunkuyar da kai. Ta san aminin ya rasu bara, ta kuma tuna Kawu bai je gaisuwa ba, aka yi ta mamaki.

Ya rufe littafin ya miƙo mata.

"Matar tana nan da rai," ya ce. "Gobe ki zo da wuri ki raka ni. Ni kaɗai ba zan iya shiga gidan ba."