Abin da Rauta Ta Rubuta

Ikilima na durƙushe a bayan tebur tana bin wata waya da yatsa, sai ga Alhaji Maharazu, mai cibiyar, ya shigo da baƙo.

"Ga Injiniya Anwar daga Katsina," in ji shi, ko kallon ta bai yi ba. "Ba shi makullan. In ya gano matsalar yau, ke kin huta."

Ta gane irin hutun. Wata bakwai ke nan tana kula da kwamfutoci sittin a wannan cibiyar gwajin jarrabawa da ke Daura, tana shan "aikin maza ne" daga bakin kowa. Yanzu sati biyu intanet na yankewa ana tsakiyar gwaji, ɗaliban da suka biyo mota tun daga Zango da Mashi su koma gida babu sakamako.

Injiniya Anwar ya ƙwanƙwasa rauta, farar na'urar da ke raba wa kwamfutocin intanet.

"Ta tsufa, Alhaji. A sayo sabuwa."

"Lafiyarta ƙalau," in ji Ikilima.

Ya yi murmushi. "Ƙanwata, a ina kika yi karatu?"

"Inda ake karanta rajista kafin a yanke hukunci."

Ta juyo musu da kwamfutarta. Tun kwana goma da suka wuce ta saita rautar ta riƙa turo mata duk abin da ya faru da ita, da lokacinsa. Ta ɗora yatsa a kan layukan.

"Dubi nan. Ba ta taɓa rubuta cewa layin kamfani ya yanke ba. Shiru take yi, bayan minti shida ta rubuta cewa ta tashi daga farko. Wuta ake ɗauke mata. Biyu saura kwata, sai kuma ƙarfe huɗu. Kullum."

"To batirin sola ne," in ji Anwar.

"Batirin ya san Juma'a? Ran Juma'a sau ɗaya take mutuwa, da la'asar kawai."

Alhaji ya yi tsaki. "Ni ban ɗauke ki karatun allo ba. Intanet nake so."

"Ranka ya daɗe, a ba ni minti goma sha biyu. In ba ta mutu biyu saura kwata ba, da hannuna zan miƙa makullan."

Suka zauna. Fanka na juyawa, ɗalibai na ta danne-danne. Ikilima ta kafa wa rautar ido. Ta san lokacin, amma ba ta san hannun wa ke ɗauke wutar ba, don wayar rautar ta bi ta bango ta shiga ofishin Alhaji, inda ba a taɓa barin ta shiga ba.

Alhaji ya dubi agogo, ya miƙe. "Bari in sa a kira salla."

Ta bi bayansa, Anwar ya biyo ta. Daga bakin ƙofa suka ga ya sunkuya bayan durowa, ya zare wani baƙin fulogi, ya soka na lasifikar da ya saya wa ƙaramin masallacin cibiyar sati biyu da suka wuce. Soket ɗin nan kaɗai ke kan sola a ofishin.

Muryar ladan ta tashi a waje. A cikin zaure kuma ɗalibai suka ɗauki "Ta tafi! Ta sake tafiya!"

Alhaji ya tsaya da fulogin a hannu.

"Wannan ba na firinta ba ne?"

"Na rauta ne, ranka ya daɗe. Ran Juma'a babban masallaci kuke tafiya, shi ya sa take tsira."

Anwar ya shiga duba wayarsa. Alhaji ya daɗe yana kallon fulogin, sannan ya gyara hula.

"Kada a ji wannan a waje."

"Rauta ce ta rubuta, ba ni ba."

Ta zaro makullan daga jaka, ta riƙe su a tafin hannu inda zai gani.

"Mayar da su," in ji shi a hankali. "Me kike buƙata?"

"Soket mai baki biyu. Da makullin ofishin nan."

Ya laluba aljihu, ya ciro, ya miƙa mata. Ta haɗa shi da sauran, ta jira ladan ya kai ƙarshe, sannan ta karɓi fulogin daga hannunsa.