Ruwa a Ƙarƙashin Ganuwa

Mastura tana tsince shinkafa a ɗakinta na unguwar Bani Malik a Jidda, waya jingine da gwangwanin sukari, sai ta lura a bidiyon wayar ƙasar da ke bayan 'yarta Hikima ta fara ƙyalli.

Hikima ta bi iyalin kafilinta, mai gidan da take wa aiki, hutu Faransa, tana rainon 'yarsu Rana. Yau sun je Konkarno, tsohon garin masunta mai ganuwar dutse. Iyayen sun shiga cin kifi, ita kuwa ta sauka da yarinyar ƙarƙashin ganuwa, inda jiragen ruwa ke kwance a laka.

"Umma, kin gani? Tekunsu ya ƙafe," in ji Hikima tana dariya.

"Mene ne wancan a bayanki?"

"Ɗan ruwa ne kawai."

A Jidda aka haifi Hikima. Tekun da ta sani, inda ka bar shi da safe nan za ka tarar da shi da yamma. Mastura ma wanda ta sani ke nan. Amma wani jan jirgi da ke kishingiɗe ɗazu, yanzu ya miƙe yana lilo a kan ruwa.

"Ɗauki 'yar mutane ki hau sama. Yalla, maza."

Hoton ya juya. Ruwa ya riga ya shiga tsakaninsu da matakalar da suka sauko ta kai.

"Umma, ban iya iyo ba."

"Goya ta. Ɗaure da mayafinki, ki bi jikin bango."

Mastura ta ga sama, ta ga dutse, ta ji kukan Rana da wata muryar namiji tana ihu da Faransanci. Sai wayar ta yi ɗif.

Ta kira, ba a ɗauka ba. Ta sake kira. Ta fita bakin ƙofa ba takalmi, ta rasa wa za ta faɗa wa, ta dawo.

Da wayar ta yi ƙara, baƙuwar lamba ce.

"Umma, ni ce. Wani masunci ya jefo mana igiya." Haƙoranta na kaɗawa. "Rana lafiya, amma mun jiƙe sharkaf. In Madam ta ji, halas, shi ke nan, iƙamata ta tafi. Me zan ce mata?"

Mastura ta zauna a ƙasa. Iƙamar nan ce kaɗai takardar izinin zama a gidan.

"Ki faɗa mata yadda aka yi. In ta sallame ki, ki dawo mini."