Kwalbar da Bunsuru Ya Buga wa Hatimi

Jiya bayan azahar barci ya sace ni a kan kujera, sai ga wani mafarki. Na tsinci kaina a garin da ruwan sama ke tashi daga ƙasa ya nufi gajimare, mutane na tafe suna taka lemarsu.

Aka kai ni ofishin tantance abinci. A bakin ƙofa kowa ya tuɓe takalminsa da hancinsa ya ajiye. Shugaban wurin bunsuru ne mai tabarau. Ya turo mini kwalba da takarda, ya ce an gaya masa shekara ashirin da biyu ina koyar da kimiyya, in faɗa masa abin da aka narkar a ciki, domin za a shayar da masu jego da ke layi a waje.

Takardar ta ce a kowane giram ɗari akwai kabon arba'in, haidirojin shida da ɗigo bakwai, sauran kuma oksijin ne. Na raba kowanne da nauyin ƙwayarsa: sha biyu, ɗaya, sha shida. Na sake raba amsoshin da mafi ƙanƙanta a cikinsu. Ya fito ɗaya, biyu, ɗaya.

Bunsuru ya ce sukari ne ke nan, ya ɗauko hatimi.

Na riƙe masa ƙafa. Na ce gaskiya ne sukarin gulukos haka yake fitowa, amma ruwan da ake jiƙa gawa da shi a asibiti don kada ta ruɓe, shi ma haka yake fitowa. Wannan lissafin rabo kawai yake nunawa. Sai an auna nauyin ƙwayar dungurungum kafin a san wanne ne.

"Malam, wanne ya fi daɗin faɗa a taro?"

Ya buga hatimin, ya tauna takardata a natse.

Sai ga ni a waje. Ƙanwata Balaraba ce a gaban layi, goye da jaririnta na kwana tara, an cika mata kofi. Na buɗe baki in yi mata tsawa, garin alli ne kawai ya zubo. Ta yi murmushi.

"Yaya, an ce kai ka lissafa. Ai ba ka kuskure."

Ta kai kofin bakinta.

Ƙarar injin markaɗen maƙwabta ce ta tashe ni. Na lalubo waya na kira Balaraba. Ta ɗauka tana tambayar ko lafiya.