Sakamakon Gwajin Auta

Kafinta ya miƙa wa likita takardar gwajin, garin katako na maƙale a gefen farcensa. 'Yarsa Auta, mai shekara shida, ta kwantar da kai a cinyarsa.

Wata takwas ke nan da aka yi wa matarsa, ma'aikaciyar jinya, canjin wurin aiki zuwa wani asibiti mai nisan kwana guda a mota. Da tana gida, tafin hannu kawai za ta ɗora wa yarinyar a goshi, hankalin kowa ya kwanta. Shi kuwa kwana biyar yana ɗora nasa, bai karanto komai ba sai tsoro.

"Yaya zazzaɓin ya fara, Malam?" in ji likitar.

"Farat ɗaya. Ga tari, ga majina."

"Ciwon ciki fa? Gudawa, ko rashin bayan gida?"

"Babu. Yau ma ta cinye min burodina."

Likitar ta yi dariya. "Shi taifot a hankali yake hawa, na yau ya fi na jiya, ya hana cin abinci, ciki ya yi ta murɗa. Nata kuwa sauka yake yi. Amma ba ma yanke hukunci da ido, shi ya sa muka ɗibi jini. Babu taifot, babu maleriya. Zazzaɓin mura ne. Ruwa da hutu. In ya dawo da ƙarfi, ku dawo."

Ya yi hamdala har sau uku.

Sai a tashar bas, da ya ciro waya, ya tuna maganar matarsa. Shekaranjiya matar ta ce, "Baban Auta, in taifot ne, ko za su kore ni sai na taho." Tun ranar ya share ɗaki, ya gyara ƙafar kujerar da take zama, bai yarda ya tambayi kansa dalili ba. Yanzu kunya ta rufe shi.

Ya kira ta, bugu ɗaya ta ɗauka. "Me suka ce?"

Ya dubi Auta tana ƙirga motoci da yatsa.

"Mura ce kawai. Ta warware."

"Alhamdu lillahi! To, sai ƙarshen shekara ke nan. Kai fa? Muryarka wani iri."

"Ƙurar katako ce," ya ce.

Bas ɗinsu ta zo, ta cika, ta tafi. Babu wanda ya kashe wayar.